Ɗaukar Hoton Biki a Bakin Ruwa: Jagora Daga Mai Sana'a a Legas

Da wuya wata ya wuce ba tare da wani daga cikin ƙannenmu sababbin shiga sana'ar nan ya turo mini hotunan bikin da ya ɗauka a Victoria Island ko Lekki ba, yana neman in taya shi gyara kafin ya kai wa masu biki. Tun kafin in buɗe nakan san abin da zan tarar. Ruwa ya fito shar, gine-ginen Ikoyi sun fito tar a ƙetare, amma fuskar amarya ta yi duhu kamar an ɗauke wuta. Ko kuma fuskar ta fito, sai sama da ruwa suka ƙone suka koma fari fat. A wani hoton ruwan ya karkace kamar zai kwarara ta gefe guda. Wasu kurakuran kwamfuta tana rufa musu asiri, wasu kuwa ba ta da yadda za ta yi da su, kuma ba a sake biki don mai hoto ya gyara kuskurensa.

Tushen matsalar ɗaya ne. Sabon mai hoto idan ya ga ruwa sai ya shagala da shi, ya manta cewa fuskokin mutane aka biya shi ya ɗauka. Iyayen da suka kama wuri mai tsada a bakin ruwa suna son a ga ruwan, haka ne, amma bayan shekara 20 idan aka ciro albam, fuskar 'yarsu za su nema. Duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta samun biyun tare.

Kayan da za ka riƙe

Kyamara biyu, kowacce mai gurbin kati biyu, ka saita ta tana rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Idon kyamara, wato lensi, guda biyu sun wadatar: mai 24-70 don taron jama'a, da mai 70-200 don ango da amarya da kuma ɗaukar mutane daga nesa ba tare da ka takura musu ba. In aljihu bai kai ba, mai 35 da mai 85 masu buɗewa zuwa f/1.8 za su fisshe ka.

Filasha iri biyu: ƙarama ta saman kyamara don cikin zaure, da babba mai batir irin su Godox AD200 ko AD600 don waje, tare da sandarta da abin tausasa haske. Sai jakar yashi biyu ko uku na danne ƙafar sanda. Sai filta biyu, mai kashe ƙyallin ruwa da mai rage ƙarfin haske. Batir da kati su fi abin da kake zaton za ka buƙata. Ka haɗa da ƙyalle mai laushi na goge lensi, da manyan ledoji na rufe kaya in hadari ya taso, da takalmi mai ƙasan roba.

Abu na ƙarshe ba a saye shi a kanti: mataimaki. A bikin mutanenmu ma ya fi kyau a sami mataimakiya mace, domin akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba yayin da amarya da ƙawayenta ke shiri.

Mataki na 1: Je ka ga wurin kafin ranar

Gani ya kori ji. Kada ka dogara da hotunan tallan wurin. Ka je da ƙafarka kwana biyu ko uku kafin biki, kuma a daidai lokacin da za a yi taron, domin wurin da ka gani da hantsi ba shi ne za ka tarar da yamma ba.

Abin da za ka fara tantancewa shi ne inda rana ke faɗuwa. Wuraren da ke kan titin Ozumba Mbadiwe, irin su Civic Centre, suna kallon arewa ne, ta kan mashigin ruwan Five Cowrie da ya raba Victoria Island da Ikoyi. Idan ka tsayar da amarya ta ba ruwa baya, rana za ta faɗi ta hannunka na hagu, hasken ya zo mata ta gefe, kuma wannan shi ne haske mafi sauƙin sarrafawa. A bakin teku wajen Oniru da Lekki ruwan yana kudu, rana ta koma hannunka na dama. Abokan sana'armu na Yamai da ke aiki a gaɓar kogin Neja daga ɓangaren gari su kuma rana tana faɗa musu ne a ƙetaren kogi, wato a bayan amarya, kuma wannan ya fi kowanne wuya. Ka sani kuma rana ba ta faɗuwa a wuri ɗaya duk shekara: daga Afrilu zuwa Satumba tana karkata arewa, daga Oktoba zuwa Maris tana karkata kudu.

Ka dubi ruwan kansa. Ruwan Legas yana cika yana janyewa tare da teku. Idan ya janye, laka da robobi da tarkace sukan bayyana a gaɓa, kuma a ƙarshen damina kainuwa takan rufe wasu wuraren. Ka nemi inda za ka tsaya gaɓar ba ta shiga hoto ba.

Sannan ka sami manajan wurin ka tambaye shi dokokinsu: ina aka yarda a kafa sanda, ƙarfe nawa ake rufe dandalin bakin ruwa, akwai wani bikin a gefe ranar ko babu. In kana da niyyar tashin jirgi maras matuƙi, ka sani hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana buƙatar a nemi izini, kuma Ikoyi da Victoria Island cike suke da gidajen gwamnati da barikoki da ofisoshin jakadanci. Idan ba ka da takarda, bar shi a gida.

Mataki na 2: Zauna da masu biki ku tsara lokaci

Legas tana kusa da tsakiyar duniya, don haka rana ba ta jinkiri wajen faɗuwa. A farkon Nuwamba tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:25, a Yuli kuma wajen 7:05. Haske mai laushi da kowa ke so yana samuwa ne a cikin minti 40 na ƙarshe kafin ta faɗi, bayan ta faɗi kuma hasken da ya rage a sama ba ya wuce minti 25. Duk arzikin bakin ruwa a cikin wannan sa'a guda yake.

Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin amarya takan kasance a hannun mai kwalliya, ango kuma yana cikin cunkoson gadar Third Mainland. Saboda haka tun mako guda kafin biki ka zauna da amarya da babbar ƙawarta da babban abokin ango, ka faɗa musu a fili: in suna son hoton bakin ruwa, dole su kasance a wurin cikin shiri sa'a ɗaya kafin magariba. Ka kira mai kwalliya da kanka ka gaya mata lokacin. Ka kuma sami wata babba a dangi, gwaggo ko inna wadda ake jin maganarta, ka roƙe ta da ladabi: “Hajiya, don Allah a taimaka mini da amarya ƙarfe biyar da rabi, minti ashirin kawai nake nema.” Kalma ɗaya daga bakinta ta fi kiran waya goma daga gare ka.

Idan bikin ya faɗo tsakanin Afrilu da Yuli, ko Satumba da Oktoba, ka tanadi wuri mai rufi da ake hango ruwa daga cikinsa, ka nuna wa masu biki shi tun da wuri don kada ransu ya ɓaci in ruwan sama ya sauko. A Disamba da Janairu kuma hazo yakan dusashe ƙetaren ruwa, rana ta ɓace tun kafin ta kai ƙasa. Ka sanar da su haka kada su sa ran jan sama.

Mataki na 3: Fitar da kaya daga sanyi da wuri

Wannan gajere ne amma ya kunyata mutane da yawa. Zauren biki yana da sanyin na'ura, waje kuma iska ce mai ɗumi cike da laima. Da zarar ka fito da kyamara mai sanyi, gilashinta zai yi raɓa, ka goge ta dawo, ka goge ta dawo. Maganinsa shi ne ka bar kyamara ɗaya da mataimakinka a waje, ko ka fitar da ita cikin jaka a rufe minti 20 kafin a fara. Kada ka cire lensi yayin da raɓar take, domin laimar za ta shiga ciki inda ƙyalle ba ya kaiwa.

Mataki na 4: Auna haske

A nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai.

Kyamara ba ta san amarya ba. Ma'auninta yana duban duk abin da ke gabanta ne ya nemi matsakaici. Idan rabin hoton sama ce mai haske da ruwa mai ƙyalli, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuska ta tafi cikin duhu. Fatarmu kuma baƙa ce ko wankan tarwaɗa, don haka duhun ya fi saurin cinye ta. Ga ango cikin farar shadda mai sheƙi a gefe, wadda ita kuma da an ƙara haske kaɗan za ta ƙone, aikin zaren wuyan rigar ya ɓace. Abu uku ke nan a hoto ɗaya, kowanne da buƙatarsa: ruwa, fuska, da farar riga.

Ka cire kyamara daga sarrafa kanta ka koma saitin hannu, kuma ka ɗauka a RAW, domin shi ne ke ajiye abin da za ka iya cetowa daga duhu da haske daga baya. Sannan ka bi wannan tsari.

Fara da bayan hoto, ba tare da filasha ba. Sa ISO a 100, saurin ƙiftawa a 1/200, wanda shi ne iyakar da yawancin kyamarori ke tafiya daidai da filasha, wasu kuma 1/250. Ka riƙa tsuke ƙofar haske har sai sama da ruwa sun fito da launinsu. In rana tana da ƙarfi za ka tsinci kanka wajen f/11. A wannan saitin mutanen za su yi duhu, kuma haka ake so a wannan gaɓar. Yanzu kunna babbar filasha, ka kafa ta a gefenka, sama da kan amarya kaɗan tana kallon ƙasa, ka riƙa ƙara ƙarfinta har fuska ta cika. Saitin kyamara na ruwa ne, ƙarfin filasha na fuska ne. Idan ka riƙe wannan rabon ba za ka rikice ba: ruwa ya yi fari, taɓa kyamara, fuska ta yi duhu, taɓa filasha ko ka matso da ita.

Matsowar tana da muhimmanci. Idan ka ninka nisan filasha daga mutum, hasken da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ƙaramar filasha daga saman kyamara, daga nisan taku goma, ba ta iya ja da rana. Ka kuma tsayar da amarya a ɓangaren da ya fi kusa da filasha, ango mai farar riga a nesa kaɗan, sai hasken ya rabu yadda kowa ke buƙata.

In kana son ƙetaren ruwa ya narke a baya, f/11 ba zai ba ka haka ba. A nan filta mai rage haske take amfani: mai rage mataki uku za ta sauko da kai daga f/11 zuwa f/4 ba tare da ka wuce 1/200 ba. Filta mai kashe ƙyalli kuma tana zurfafa launin ruwa da sama, ta fi aiki idan rana tana gefenka, amma tana cin haske kusan mataki biyu, don haka ka cire ta da zarar rana ta yi ƙasa. Ra'ayina kuma shi ne kada a juya ta har ƙarshe. Ruwan da aka kashe masa ƙyalli gaba ɗaya yakan zama kamar kwalta.

Kunna gargaɗin ƙonewa a allon kyamara. Idan rigar ango tana walƙiya a allo, rage. Kada ka yarda da idonka kaɗai, domin allo a cikin rana yana ruɗi.

Mataki na 5: Tsayar da mutane

Layin da ruwa ya haɗu da sama ko ƙetare dole ya miƙe. Ido yana yafe karkatar bango, amma ba ya yafe karkatar ruwa. Kunna ma'aunin daidaito na kyamara. Ka kuma lura kada layin ya ratsa wuyan amarya ko kanta. Ka ɗan durƙusa don kawunansu su hau cikin sama, ko ka hau wani abu don ruwa ya zama bayansu gaba ɗaya. Idan gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, tana cikin hoton, ka kula kada dogon ginshiƙinta ya tsiro daga ɗankwalin amarya. Taku ɗaya gefe ya isa.

Iskar bakin ruwa ba ta hutawa. Ka juya amarya ta fuskanci inda iskar ke fitowa, don mayafi ya tafi baya maimakon ya rufe mata fuska. Ƙawarta ta tsaya kusa da allurai da hoda, domin laimar Legas tana narka kwalliya cikin minti kaɗan, filasha kuma tana tona gumi. Kada ka taɓa amarya don gyara mata tsayuwa ko mayafi. Ka faɗa da baki, ko mataimakiyarka ta gyara. Wasu ma'auratan suna jin nauyin riƙe hannu a gaban iyaye, to kada ka tilasta. Hannu mai lalle a kan hannun riga, ko kallon da suka yi wa juna suna dariya, ya isa hoto.

Sandar filasha mai ɗauke da laima ko akwatin tausasa haske tana kama iska sosai. A wani biki a Lekki na juya baya don in gyara jeren ƙawaye, iska ta ɗauki sandar ta jefa ta cikin ruwa da filashar da komai, kuma saura kaɗan ta sami wata yarinya a ka. Tun daga ranar ba na kafa sanda a bakin ruwa sai da jakar yashi a ƙafarta da hannun mutum a jikinta.

Ka kiyaye rayukan mutane fiye da kayanka. Dakalin katako da ke shiga ruwa yana da santsi, amarya kuma tana kan takalmi mai tsini da doguwar riga mai nauyin duwatsu, wadda in ta jiƙe za ta ja ta ƙasa. Kada ka tara dangi 30 a kan ƙaramin dakali. Kada ka ja da baya ido yana cikin kyamara ba tare da wani yana riƙe da bayanka ba. Jiragen ruwa masu gudu suna tayar da igiyar da ke fantsamo ruwa kan dakali bayan sun wuce, don haka ka jira ta lafa. Wayar lantarki kada ta kwanta a inda ke jiƙe. Yara kuma ka sa a riƙe musu hannu. Idan masu biki suka ce a shiga kwalekwale, kowa ya sa rigar kariya, a cire hoton salo daga lissafi in har sai an tuɓe ta.

Mataki na 6: Bayan faɗuwar rana

Yawancin sababbin masu hoto suna naɗe kaya da zarar rana ta faɗi, alhali mafi kyawun hoton bakin ruwa a birni yana zuwa ne bayan minti 10 zuwa 20, lokacin da sama ta yi shuɗi mai zurfi, fitilun gine-gine da na gada suka kunnu suna rawa a kan ruwa. Wannan lokacin ya zo daidai da sallar magariba, kuma ba za a jinkirta salla don hoto ba. Abin da nake yi shi ne in kafa filasha in gwada ta a kan mataimakina tun kafin kiran salla, mu yi alwala da wuri, a yi salla a kan lokaci, ana sallamewa ango da amarya su tako inda aka riga aka shirya. Minti biyar sun isa idan komai yana tsaye.

Saitin a nan ya juya. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8, ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, sauke ƙiftawa zuwa 1/60 ko ƙasa da haka don fitilun ƙetare su fito, sannan ka rage filasha sosai. Hasken filashar ne zai tsayar da su cak, amma ka roƙe su su natsu. Duk minti biyu ka sake duba saitin, domin hasken sama yana raguwa a kan idonka.

Mataki na 7: Cikin zaure

Fitilun ado masu launin shunayya da shuɗi suna ɓata launin fata da na anko. Ka roƙi mai kula da fitilu ya bar farin haske a kan kujerar ango da amarya. Idan ka ga ratsi-ratsi a hoto, fitilun ne ke ƙyaftawa daidai da lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa, sai ka koma 1/100 ko 1/50. In zauren yana da bangon gilashi mai kallon ruwa, kada ka harba filasha kai tsaye gare shi, ka tsaya a karkace.

Ka nemi jerin mutanen da dole a ɗauka: iyaye, kakanni, waliyyai, da baƙin da suka taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi musamman don bikin. Tsofaffi sukan tafi da wuri, don haka da su za ka fara. Matar da ta kauda fuska ko ta ɗaga hannu, sauke kyamara. Game da liƙi kuma, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma an gurfanar da mutane a kotu a kan haka. Kada ka sa irin wannan hoton a Instagram ka jawo wa wanda ya ba ka aiki fitina. Kowane hoto ma, sai da izinin ango da amarya za ka wallafa shi.

Mataki na 8: Kafin ka kwanta

Komai dare, ka kwafe katunan zuwa wuri biyu daban, kuma kada ka goge su sai ka miƙa aiki. Ka goge jikin kyamara da sanduna da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, musamman in a bakin teku ka yi aiki, domin gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe. Ka bar jakar a buɗe ta sha iska, sannan ka ajiye lensi tare da ƙullin sinadarin tsotse laima. Lensin da aka rufe da danshi a Legas yakan yi fumfuna daga ciki, gyaransa kuma yana da tsada.

Wajen gyaran hoto, ka miƙe layin ruwa, ka daidaita launi, amma kada ka sauya wa amarya launin fatarta, kuma kada ka mayar da ruwan Legas shuɗi irin wanda ba a taɓa gani a wurin ba.

Roƙona ga duk wanda aka ba shi aikin farko a bakin ruwa shi ne, kafin ranar ya ɗauki abokinsa ya sa masa farar riga, su je gaɓa da yamma su gwada mataki na 4 da na 6 har hannunsa ya saba. Idan kuma ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya nemi wani babba a sana'ar ya raka shi, su raba kuɗin aikin.